Zaren da Aka Sassauta Mini

"Na daina."

Abin da na faɗa ke nan, na dangwarar da raket ɗina a kan teburinsa har basilla da almakashinsa suka yi tsalle.

Mai Zare bai ɗago kai ba. Haka kowa ke kiransa a kulob ɗinmu na wasan tanis, saboda shi ke ɗaura wa 'yan wasa zaren raket a wani ɗan tsukukun shago da ke bayan fili na uku. Ni ma haka nake kiransa a gaban mutane, ko da yake saura wata biyu a ɗaura mana aure.

"Kin daina me, Bahaguwa?"

"Kada ka raina min hankali. Ka san abin da nake nufi."

"Saura kwana goma a fara gasa fa..."

"Ni za ka tuna wa? Da hannuna na rubuta sunana!"

Sai a lokacin ya dube ni. Ban so ya ga hawayena ba, amma hawayen ba su nemi shawarata ba. Na zauna a kan bencin masu jira, na kifa kaina a gwiwa. Na gaya masa yau ma sau ashirin da huɗu na buga ƙwallo ta wuce layi, ɗaya bayan ɗaya na ƙirga su. Na ce masa hannuna ya mutu, likita ya ɗinke jijiya amma abin da ke cikinta ya tsiyaye.

Ya tsuguna a gabana yana ba ni haƙuri, wai hannu yana son lokaci. Ya kira ni rabin ransa. Na lura ba ni yake kallo ba, idonsa yana kan injin ɗaura zare da ke tsakiyar shagon. Na ɗauka tausayina ne ya hana shi haɗa ido da ni.

Tanis ba sana'ata ba ce. Ni mai haɗa magani ce a wani asibiti, daga safe zuwa la'asar ina bayan taga ina ƙirga ƙwayoyi ina rubuta musu takarda. Gasar kulob ɗinmu ta masu aikin yi ce irina, malaman makaranta da ma'aikatan banki da 'yan kasuwa. Kofin da ake bayarwa ko shayin mutum ɗaya ba zai ci ba. Amma sau uku ina ɗaukarsa, kuma duk wanda ya ce min ai wasa ne kawai, ranar ba ma rabuwa lafiya.

Ni ba mai ƙarfin bugu ba ce. Abin da Allah ya ba ni saiti ne. Da hagu nake wasa, shi ya sa sunan Bahaguwa ya bi ni, kuma in na nufi layi, a kan layin ƙwallon take sauka kamar takawa na yi na ajiye ta.

Saitin nan rabinsa a zare yake. Injin Mai Zare da awo yake jan zaren raket, kilo kaza. In an ja shi tamau, ƙwallo tana zuwa inda aka aike ta, sai dai duk jijjigar bugun a hannu take ƙarewa. In an sassauta, hannu ya huta, ƙwallo kuma ta riƙa ƙara wa kanta tafiya. Awona kilo ashirin da shida ne tun ina 'yar shekara goma sha bakwai.

A kan awon nan ma muka fara faɗa da Mai Zare ranar da muka haɗu. Ya ce ya yi wa siririn hannuna tsauri, na ce masa zare na kawo a ɗaura, ba wa'azi na zo ji ba. Ya yi dariya ya ja ashirin da shida, ya rubuta a 'yar takarda ya liƙa a wuyan raket ɗin, kamar yadda yake yi wa kowa. Daga faɗan nan aka kai inda aka kai.

Shekara biyu da suka wuce, ana tsakiyar wasan ƙarshe, na ji wani abu ya yi ƙas a gwiwar hannuna. Jijiya ce ta tsinke. Aka yi min tiyata, na shafe wata goma sha huɗu ina zarya wajen masu gashin ƙashi.

Umma ce ta yi jinyata. Ni ce autarta, mu biyu muka rage a gida tun da yayyena suka kama gabansu. Ita ke taje min kai, ita ke ɓalla min maɓalli, alhali nata hannun dama rawa yake yi, ko kofi ba ta cikawa in za ta ɗauka. Da tela ce. Keken ɗinkinta yana nan a kusurwar falo, a rufe da tsohon zani.

Ranar da na ce zan koma fili, kwana biyu Umma ba ta tanka min ba. A na uku ta ce ta yarda, amma da sharaɗi: gasa ɗaya. In aka cire ni a zagayen farko, in kawo mata raket ɗin da hannuna, magana ta ƙare har abada. Na yi mata alkawari ina murmushi, don tun da nake ban taɓa faɗuwa a zagayen farko ba.

To ga shi wata uku da komawata, ƙwallo ta ƙi ni. Kullum taƙi ɗaya ko biyu bayan layi. In na rage ƙarfi don tsoro, ta faɗa raga. Hannun ba ya ciwo, wannan gaskiya ne, amma ji nake kamar na aro ne aka maƙala min. Kuma na san abin da ke jirana in na shiga gasa da shi a haka.

Washegari, duk da cika bakin na daina, ƙarfe biyar na yamma a fili ta yi min. Anti Likita ce ta kira ta ce in ban zo ba za ta biyo ni gida ta cire min haƙori biyu ba allura. Likitar haƙori ce, gajeriya, ta ba hamsin baya, bakinta ba ya hutawa, kuma tun ina rarrafe take wasa a kulob ɗin.

Muna cikin bugawa zarenta ya tsinke. Na miƙa mata ɗaya raket ɗin nawa, don biyu gare ni iri ɗaya. Ta buga sau biyu ta tsaya. Ta ciro 'yar robar da ake maƙalawa a ƙasan zare don kashe jijjiga, ta kara raket ɗin a kunne, ta doke shi da tafin hannu.

"Ke 'yata, wa ya ɗaura miki wannan komar kamun kifin?"

Na ce mata ashirin da shida ne, ta duba takardar ta gani.

"Takarda ta ce ashirin da shida. Ni kuma kunnena ya ce in wannan ya kai ashirin da biyu a canza min suna. Saurara ki ji."

Ta sake dokawa. Na san sautin zarena kamar yadda na san muryar Umma, siririyar ƙara ce mai kaifi. Wannan kuwa wani luƙus ya yi, kamar an bugi matashin kai. Wata uku ban ji sautin raket ɗina ba, domin tun ranar da na dawo Mai Zare ya maƙala min robar, ya ce kada in kuskura in cire, don lafiyar hannuna.

Anti Likita ta dubi fuskata, ta gane ta taɓo abin da ya fi haƙori ciwo. Ban taɓa ganin ta yi shiru ba sai ranar.

Na sami Mai Zare a shago yana zura zare a raket ɗin wani. Na ajiye nawa a gabansa, na ajiye robar a gefe. Yana ganin robar ya sha jinin jikinsa.

"Nawa ka ja?"

"Bahaguwa, ki zauna tukuna..."

"Nawa ka ja?"

"Ashirin da ɗaya."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika dawo."

"Duka biyun?"

Ya gyaɗa kai.

Ya fara bayani da sauri kamar wanda ake kora. Wai ya tambayi mai gashina, ta ce jijiyar da aka ɗinke ba za ta ɗauki jijjigar zare mai tsauri ba. Wai ya san in ya faɗa min ba zan yarda ba. Duk gaskiya ya faɗa, na san kaina, da ya kawo maganar da rufin shagon nan ya ji muryata.

"Robar fa? Don hannuna ka sa ta, ko don kunnena?"

Can ya ce, "Duka biyu."

Na gaya masa a wurin aikina, wanda ya rubuta ashirin da shida a jikin kwalbar da ke ɗauke da ashirin da ɗaya, ko da niyyar alheri ya yi, ranar yake barin aiki. Amma ba wannan ne ya fi ƙona min rai ba.

"Jiya a kan bencin nan na zauna ina kuka. Na ce maka hannuna ya mutu. Kana tsugune a gabana, ka san da ransa, ka bar ni ina yi masa makoki..."

"Wallahi kullum sai na ce yau zan faɗa miki."

"Kwana casa'in kana cewa yau?"

Ya sunkuyar da kai. Na tambaye shi ko da sa hannun wani, ya ce babu, hannunsa ne ya ja, hannunsa ne ya rubuta. Na kwashi kayana. A bakin ƙofa na juyo na ce masa ban san yadda zan zauna ɗaki ɗaya da mutumin da zai iya kallon kukana haka ba. Abin takaicin, a lokacin da nake faɗar haka ina sonsa har cikin ƙashina.

Na tarar da Umma a falo tana ninke kayan da ta kwaso daga igiya. Ko takalmi ban cire ba na ce mata ina so a ɗaga ranar auren. Na zayyana mata komai, har da robar. Ta ci gaba da ninke rigar da ke hannunta sai da ta gama, ta ɗora a kan sauran.

"Ya ce shi kaɗai ya yi?"

"Haka ya ce."

"Mutumin kirki ne, amma ƙarya ya yi miki. Ni na sa shi."

Na nemi kujera na zauna.

Ta ce mako guda kafin in koma fili ta ɗauki mayafi ta je shagonsa, wurin da ba ta taɓa takawa ba. Ta tambaye shi ko a cikin aikinsa akwai abin da zai rage wa hannuna wahala. Ya yi mata bayanin sassauta zare, ya ce zai zauna da ni mu yi magana. Ita ta hana. Ta ce masa ta san abin da ta haifa, in na ji zan kai raket ɗin wani wuri a ja min yadda nake so. Ta sa ya yi mata alkawarin ba zai faɗa ba. Sau biyu yana zuwa gidan ina wurin aiki, yana roƙonta ta sake shi daga alkawarin, wai ba ya iya kallon idona. Sau biyun tana ƙi.

"Umma, kin san abin da kuka yi min kuwa?"

Ta ɗaga hannunta na dama tsakaninmu. Yana ta ɓari kamar kullum.

"Bayan rasuwar babanku, shekara goma sha ɗaya ina ɗinki da wannan yana ciwo. Likita ya ce in huta, na ce sai na gama rigunan makaranta, sai na gama na wance. Babu wanda ya sassauta min komai, Auta. Ni ma da an tambaye ni, cewa zan yi a ja tamau. Ke kuma ni kika ɗauko."

Fushina ya rasa inda zai zauna. Wannan hannun ne ya ɗinka rigar da na fara zuwa makaranta da ita, shi ne kuma ya wanke ni wata da watanni ina ƙatuwa. Na sauko ƙasa na ɗora kaina a cinyarta na yi kuka mai isata. Amma taurin kaina bai tafi ko'ina ba.

"Da kun tambaye ni, Umma."

"Da kin ƙi."

"Da na ƙi. Amma da ni ce na ƙi."

Ta daɗe tana shafa kaina, sannan ta tambaye ni ko alkawarinmu yana nan. Na ce yana nan, ban saba cin alkawari ba.

Kwana takwas ban yi wa Mai Zare magana ba. Kullum da safe sai saƙonsa ya shigo wayata, ina kwana kawai, ba roƙo ba bayani. Ina karantawa ina kifa wayar. Na san yanzu an sa shi a tsakiya ne, tsakanin matar da zai aura da uwar da zai durƙusa wa, kuma ban san me zan yi ba da ni ce a wurinsa. Duk da haka, in na tuna bencin nan sai zuciyata ta sake tauri. A wurin aiki har abokiyar aikina ta tambaye ni me kwalaben suka yi min nake dangwarar da su haka.

Ana gobe gasa, na tashi aiki na wuce shagon. Ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu. Na miƙa masa raket ɗaya na ce ashirin da shida, kuma a tsaye zan jira.

Bai yi gardama ba. Ya yanke tsohon zaren, ya ɗaure raket ɗin a inji, ya saita awon, sannan ya juyo min allon don in gani da idona. Ya riƙa zura zare rami-rami, inji yana ja, shi yana matsewa da maƙalla kafin ya wuce na gaba. Zaren tsaye tukuna, sannan na kwance, yana saƙa su sama da ƙasa da yatsun da duk zare ya yi wa kanta. Minti arba'in aikin ya ci. Na sha zama ina kallon aikin nan ina tsokanarsa, ranar kuwa ina tsaye, idona yana kan awon.

Da ya ƙulla ƙullin ƙarshe ya miƙo min biro da 'yar takardar, wai in rubuta da kaina.

"Aikinka ne. Rubuta."

Ya rubuta ya liƙa. Sannan ya dube ni sosai, yadda ya kasa yi wata uku.

"Abu ɗaya zan faɗa miki a fuskarki, daga nan in ja bakina. Zai yi ciwo. Ƙila ba da farko ba, amma zai yi."

"Na ji."

"Ɗayan fa?"

"Bar shi yadda yake."

Ni kaina ban san dalilin da na faɗi haka ba, na dai ce wa raina lokaci ne ya ƙure. Ya karɓi ɗayan, ya ɓamɓare tsohuwar takardar da farce, ya rubuta ashirin da ɗaya ya liƙa.

Asabar da hantsi aka sa mu a fili na ɗaya. Abokiyar karawata wata ma'aikaciyar banki ce da ake kira Guduma, na girme ta a shekaru, ta girme ni a damtse. Wasan turmi uku ne, wadda ta ci biyu ta wuce, ɗayar ta koma gida.

Ina ɗaure takalmi na hango Mai Zare yana tafe da kujerar roba a hannu, Umma a bayansa. Umma ba ta taɓa zuwa kallona ba, kullum cewa take zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ya ajiye mata kujerar a inuwa bayan shingen waya, shi ya tsaya.

Bugun farko da na nufi layi da shi, a kan farin fentin ya sauka, da siririyar ƙarar nan tawa. Sai da na juya baya na goge ido da wuyan riga. Ashe hannuna yana nan, bai je ko'ina ba. Na riƙa aika Guduma gabas da yamma har numfashinta ya fara fita da ƙara. Anti Likita tana gefe tana tafi tana cewa a kira wa Guduma motar asibiti. Na ci turmin farko shida da uku.

A turmi na biyu ciwon ya zo. Da farko ɗan ɗumi ne a gwiwar hannun, na yi kamar ban ji ba. Muna biyu da biyu ya koma kamar ana soka min allura duk bugu. Na cije leɓe na ci gaba, amma hannu ya fara jin tsoron ƙwallo, yana janyewa kafin ta iso. Guduma ba yarinya ba ce, ta gane, ta riƙa narko min duka a ɓangaren. Ta ci shida da biyu.

Na zauna hutun da ake yi kafin turmin ƙarshe. Na ɗauki gorar ruwa zan buɗe, yatsuna suka kasa murɗa murfin. Na sake gwadawa. Hannun hagun nan da nake taƙama da shi ɓari yake yi a kan murfin gora.

Na ɗago kai. Umma ta gani. Ba ta yi min ko alama ba. Mai Zare ya damƙe wayar shingen da hannu biyu, ya datse baki, yana cika abin da ya faɗa na jan bakinsa, duk da na ga maganar tana neman shaƙe shi.

Na san in na daure da ashirin da shida ƙila in ci, na saba cin wasa da ciwo. Na kuma san inda hanyar take ɓullewa, don da ita na taso a gida. Babu wanda ya hana ni, babu wanda ya roƙe ni. Na jawo jaka, na mayar da raket ɗin, na ciro sassautaccen.

Ƙwallon farko ta wuce layi da taƙi guda, kamar yadda ta saba wata uku. Amma wannan karon ban tsine wa hannuna ba, na san daga ina abin yake. Na daina nufin layi, na koma nufin taƙi ɗaya kafin layi. Ta biyu ta shiga. Ta uku ma ta shiga. Abin da na kasa ganewa a kwana casa'in, a minti goma na gane shi, don kawai na san gaskiyar abin da ke hannuna. Ciwon ya lafa ya koma ɗumi.

Muka yi uku da uku, muka yi biyar da biyar. 'Yan kallo sun bar sauran filayen sun dawo namu. Amma minti goma ba sa maye gurbin wata uku, ga gajiya ta taru a ƙafa. Guduma ta kai shida. A bugun ƙarshe na hango kusurwa a buɗe, tsohon halina ya motsa, na nufi layin kansa. Ta sauka yatsa biyu a baya.

A irin gasarmu babu alƙali, wadda ƙwallo ta sauka a ɓangarenta ita ke faɗa. Guduma ta ɗaga yatsa a hankali kamar mai jin kunya.

"Ta fita, Yaya... ki yi haƙuri."

Na ce mata na gani, ta ci da guminta. Muka gaisa a raga. Bakwai da biyar, an cire ni a zagayen farko.

Daga raga zuwa inda Umma take bai fi taku talatin ba, amma ban taɓa tafiya mai nisan wannan ba. Shekara goma sha biyar ina shiga filin nan. Na zagaya shingen, na durƙusa a gabanta, na miƙa mata raket ɗin da hannu biyu.

"Ga shi, Umma. Alkawari."

Ba ta karɓa ba. Ta dubi raket ɗin, ta dube ni.

"Wanne ne wannan?"

"Sassautaccen."

"Wa ya ce ki ɗauko shi?"

"Babu."

"Hannun ya yi ciwo?"

Shekara biyu, duk ranar da ta yi min tambayar nan a'a nake cewa, ko da kuwa ina ganin taurari.

"Ya yi, Umma. Sosai ma. Da na canza ya lafa."

Idonta ya ciko. Ta karɓi raket ɗin, ta juya shi kamar mai duba yadi, sannan ta miƙa shi ta kafaɗarta ga Mai Zare da ke tsaye a bayanta.

"Ungo. Ni ba ni da wurin ajiye shi. Ka gyara mata... amma ka tambaye ta tukuna."

Na kasa gane abin da na ji. Ta kamo haɓata ta ɗago fuskata.

"Ni ban taɓa iya ajiye almakashi da kaina ba, sai da hannun ya ajiye min. Ke kin iya, yau na gani da idona. Ki yafe min, Auta."

"Haba Umma..."

Na rungume ta da gumina da komai, muka yi kuka a gaban mutane ba kunya. Anti Likita ta zo za ta yi magana, ta fasa, ta shiga korar 'yan kallo tana cewa an tashi.

Da na saki Umma na same shi tsugune a gefenmu, raket ɗin a rungume a ƙirjinsa, hawaye har cikin gemu.

"Nawa zan ja miki, Bahaguwata?"

Shekara goma sha biyu amsar tambayar nan tana kan harshena, ko daga barci aka tashe ni. Na buɗe baki, na ji babu ita.

"Ban sani ba..."

"To ba zan taɓa injin ba sai kin sani."

"Sai mun yi ta gwadawa, ai."

"Mu?"

"Kada ka sa in maimaita a gaban Umma."

Ya yi dariya cikin kuka, ya rufe fuska da raket ɗin kamar zaren zai ɓoye shi. Umma ta share idonta da gefen mayafi, ta ce ita dai ba ta ji komai ba, kuma maganar ɗaga rana ma ba ta taɓa jin ta ba. Sannan ta ce ya tashi ya nemo ƙanƙara a ɗora a hannun nan kafin ya kumbura, ya bar tsugunon.

Ya miƙe da gudu. Ya yi taku uku ya dawo, ya tambaye ni ko ina son ƙanƙarar. Na ce ina so.